Farantin cukwi da biskit ranar hawan Daushe: a yi ko a bari?

Amaryar Samaru: Assalamu alaikum mutanen gida, ya ibada, ya ƙishirwa. Shawara nake nema tun azumi bai ƙare ba. Maigida ya ce abokan aikinsa za su biyo ta gidanmu ranar hawan Daushe in sun taso daga kallo a ƙofar fada, su kusan goma sha biyu, ga Hajiyarsa ma za ta zo da ƙannensa. Ni kuma tun bara nake ganin farantin nan da Turawa ke jerawa lokacin bukukuwansu, cukwi kala-kala da biskit mara zaƙi da 'ya'yan itace a kan katako, har raina ya biya. Wane cukwi zan saya, nawa zai isa, kuma yaya zan yi da zafin nan? Don Allah kar a yi mini dariya.

Hajiya ta Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Ba dariya zan yi ba 'yata, tambaya zan yi. Mutum ya wuni a rana yana kallon dawaki, ya sha ƙura, makogwaro ya bushe, ya shigo gidanki ki tare shi da biskit? Ga uwar miji zaune tana kallo. Ki yi wainarki da miyar taushe, ki soya kaji, ki huta da surutu.

Amaryar Samaru: Mama ai akwai waina, akwai shinkafa, har da funkaso. Wannan na taɓawa ne kawai kafin a zubo abinci.

Hajiya ta Ƙofar Doka: To da sauƙi. Na ɗauka shi ne abincin.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai na taɓa yi, bari in ba ki labari ki ɗauki darasi. Babbar Sallar bara waccan na tashi takanas na tafi Kaduna, na shiga wani babban kanti na sayo cukwi iri uku. Ɗaya daga ciki ɗan kewayayye ne mai farin ɓawo kamar an barbaɗa masa gari, na Faransa, sunansa in kin faɗa da bakinmu sai ya fito "biri". Kuɗin wannan ɗan abin da bai fi tafin hannuna ba ya kai na kaza. Kafin mu wuce Jaji ya fara laushi a leda, na iso gida babu wuta, washegari ma babu. Ranar Sallah na buɗe shi wari ya cika kicin, irin warin nan mai hawa ka. Na daure na jera. Ƙanin maigida ya ɗauka ya shinshina ya ce Anti wannan ya lalace, ya miƙa wa yaro ya kai bola. Ni ko har yau ina shakkar lalacewa ya yi ko haka Allah ya yi shi.

'Yar Kongo: Anti kin ba baƙi biri ranar Sallah, ai dole a kai bola.

Maman 'Yan Biyu: Ke dai bari. Har gobe yaran gidan suna tsokanata da shi.

Malama ta Shika: Wataƙila duka biyun ne. Irin wannan ko da lafiyarsa yana da ɗan wari, kuma farin ɓawon nan wani naman gwari ne da ake shuka masa da gangan, ana ci. Amma kwana biyu babu firij a garin nan, ba na shakka ya wuce gona da iri. Amarya, ni aikina da madara ne, don haka ki saurara. Cukwi mai laushi irin wannan ki manta da shi a watan nan. Ki nemi mai tauri, shi ke jure hanya. Cheda na Ingila da Gawuda na Holan su ne suka fi sauƙin samu, kuma bakinmu ya fi karɓarsu. Duka biyun sunan gari ne aka laƙaba musu, kamar yadda muke cewa kilishin wuri kaza. Tsadarsu kuma ba zalunci ba ne kaɗai, sai an tatsi madara kusan lita 10 kafin a samu kilo ɗaya na Cheda, a ajiye shi watanni yana nuna, sannan a yi ta ɗawainiyar sanyi da shi har ya iso nan.

Maganar yawa, tunda akwai abinci a baya, giram 50 ga mutum ɗaya ya isa har ya yi saura. Mutum 12 giram 600 ke nan. Kuma mutanenmu ba su kai Turawa cinsa ba, rabinsu za su ɗanɗana ne su koma kan kilishi. Ni a wurinki giram 200 na kanti zan saya, sauran in haɗa a gida.

Amaryar Samaru: A gida kuma Malama? Ana yin cukwi a gida?

Malama ta Shika: Ke ba ki taɓa cin awarar madara ba? Wadda Yarbawa ke kira wara? Ai cukwi ce. Matan Fulani sun fi mu sanin wannan sana'a tun kafin a buɗe kanti a ƙasar nan. Suna ɗora sabuwar madara a wuta kaɗan-kaɗan, su daka ganyen tumfafiya su tace ruwan a ciki, madarar ta kame ta rabu da ruwa, su kwashe a 'yan ƙananan kwanduna ta tsane. Shi ya sa za ki ga zanen kwando a jikinta. Ba na ba ki shawarar ki taɓa tumfafiya da kanki, farin ruwan nan nata in ya shiga ido ba wasa ba ne, kuma in ya yi yawa ɗaci za ki ci. Ke dai lemon tsami ya ishe ki. Madara lita ɗaya, ki bari ta fara tasowa, ki sauke, ki zuba ruwan lemon tsami cokali biyu zuwa uku kina juyawa a hankali. Za ki ga ta tsinke, ruwan ya koma ɗorawa-ɗorawa. Ki juye a ƙyalle mai tsafta, ki sa gishiri, ki ɗaure, ki danne da turmi ko tukunya cike da ruwa na awa biyu. Ki yanka 'yan ƙanana ki soya sama-sama har gefen ya yi ja. Da yajin ƙuli a gefe, ki ga ko za a bar miki ko ɗaya.

Abu ɗaya dai, rani ne yanzu, shanu ba su da nono sosai, sabuwar madara tana wuya. In ba ki samu ba ki dama ta gari mai maiƙo da kauri, tana yi. Wadda aka cire wa mai ba ta ba da abin kirki.

Hajiya ta Ƙofar Doka: Au, ashe awara ce ake ta wannan dogon Turanci a kanta.

Ba'adara ta Sabon Gari: Sannunku. Ina ta karantawa ina jiran wani ya ambaci cuku, shiru. Mu a Tawa ta Nijar da shi muka tashi. Fale-fale ake yinsa kamar takarda, a shanya a kan tabarma har ya bushe ƙamas, zanen karan ya fito a jikinsa. Ba ruwansa da firij, ba ruwansa da wuta, yana wata da watanni a jaka. Buzaye da shayi suke cinsa, wasu su daka a fura. Amarya in kina son abin da zai zauna a faranti tun la'asar har isha bai yi gumi ba, shi ne. Ki tambayi Buzaye masu shayi ko masu kawo kaya daga Nijar. Ki ɗan gasa shi a kan garwashi ya yi laushi, ki kakkarya. Sai dai ki faɗa wa masu haƙoran roba su yi hankali.

Amaryar Samaru: Wallahi na san cuku, kakata tana ajiyewa a kwalla, amma ko kaɗan ban kawo shi a wannan lissafin ba.

Maman 'Yan Biyu: Haka muke, sai abu ya zo a kwali da rubutun Faransanci muke ganin girmansa. Ni ce shaida.

Ummu Abdallah: Ku yi haƙuri in shigo da wata magana, don na ga an wuce ta. Kafin a yi zancen daɗi a duba halacci. Yawancin cukwi mai tauri ba da lemon tsami ake kama shi ba, da wani sinadari ne da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono, Larabawa na ce masa infaha. To wa ya yanka maraƙin, kuma yaya aka yanka shi? Malamai sun yi saɓani a kan wanda aka ciro daga dabbar da ba a yi mata yankan shari'a ba. Imamu Abu Hanifa yana ganin tsarkinsa, haka Ibn Taimiyya. Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Mu kuma nan galibi Malikiyya ne. Ba ina haramta wa kowa ba ne, amma wanda zai ciyar da baƙi ya kamata ya san abin da ya ajiye musu.

'Yar Kongo: Anti to ai in aka bi wannan har pizza, burodin nan mai cukwi da ake sayarwa a gari, sai an bincika.

Ummu Abdallah: To me ya hana a bincika?

Malama ta Shika: Maganar Ummu Abdallah tana kan hanya, amma abin ya yi sauƙi yanzu. Tun wajen 1990 kamfanoni suka fara amfani da irin sinadarin da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta ba tare da an taɓa dabba ba, kuma mafi yawan Chedan da ake yi da yawa a masana'anta da shi ake yi. Ki juya bayan kwalin. In akwai tambarin halal, shike nan. In an rubuta cewa ya dace da marasa cin nama, to babu na maraƙi a ciki. Wanda na tabbata da na maraƙi ake yinsa shi ne Famesan na asali daga Italiya, dokarsu ce ta ce haka, kuma sai ya shekara ɗaya aƙalla kafin a sayar. Shi kam ko don tsada ba zai hau farantin amarya ba. Cuku na Nijar ma da tumbin ɗan akuya ko maraƙi ake kama shi, amma Musulmi ne suka yanka.

Ummu Abdallah: Madalla. Sai kuma naman nan da suke naɗewa kamar fure a hotunan, yawanci na alade ne. Kar a gani a kanti a ɗauka don ya yi kyau.

Amaryar Samaru: A'a Anti, kilishi zan sa.

Anti ta Wusasa: Barkanku da shan ruwa 'yan uwa. Mu a gidanmu shekara huɗu ke nan ina yin irin wannan tiren ranar Kirsimeti bayan an taso coci, kuma maƙwabtana Musulmi sun fi kowa cinsa, don haka kilishi da dambun nama nake sawa, daga mahaucin da kowa ya sani. Sai dai ni Disamba nake yi, hunturu na taimakona, biskit ya wuni a buɗe yana ƙaras-ƙaras. Matsalata ɗaya iska tana busar da gefen cukwin ya tsattsage, sai na rufa masa ƙyalle mai ɗan danshi. Ke naki yanayin daban ne, Cheda zai yi ta tsatso mai kamar goshin mai tuya.

Ga yadda nake jerawa. Ba ni da katakon Turawa, babban tiren silba na aurena nake ɗauka, wani lokaci sabon faifai in shimfiɗa takardar gashi. Ƙananan kwanoni nake fara ajiyewa, ɗaya zuma, ɗaya yaji, ɗaya gyaɗa, don su ne ba sa motsi. Sannan cukwi, kowane iri a kusurwarsa, a yanke, don in kika ajiye shi dunƙule da wuƙa a gefe babu baƙon da zai fara yankawa, kunya za su ji. Sai kilishi a yayyage, nesa da cukwin kaɗan saboda yajinsa na bin komai. Dabino, yazawa, kantun riɗi, inabi in an samu, su ke cike gurabe. Biskit shi ne na ƙarshe, sai na ji sallama a ƙofa nake buɗe ledarsa. Tsinken sakace a ɗan kofi, ba kowa ke son sa hannu inda wani ya sa ba.

Kuskuren da na yi shekarar farko kankana na sa. Ruwanta ya gangara ƙarƙashin biskit, kafin a gama gaisawa ya zama fate. Kankana, abarba, lemo, duk su tafi wani faranti. Tufa in za ki sa ki shafa mata ruwan lemon tsami, in ba haka ba ta yi baƙi kafin baƙi su zauna.

Amaryar Samaru: Anti Allah ya saka. Wane biskit kike sawa? Kabin zai yi?

Anti ta Wusasa: Kabin yana da ɗan zaƙi, da Cheda ba laifi, amma mara zaƙi mai ɗan gishiri ya fi, irin kiraka ɗin Nasco na Jos, ko'ina akwai shi. Mai kirim a tsakiya dai kar ki soma. Ni har gurasa nake yankawa siri-siri in gasa a tanda ta bushe, ita ce ma ke fara ƙarewa.

Hajiya ta Ƙofar Doka: To kun ga, gurasa, kilishi, dabino, awara, kantu. Wannan ai kayan Sallarmu ne aka canja musu wurin zama. In haka ne ni ma na iya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashi kuɗin kaji uku a sayo abin da za a ɗanɗana a yamutsa fuska, don kawai a ɗauki hoto a sa a waya. Mu da muka yi aure, alkaki da nakiya da dubulan ake jerawa a fanteka, kuma babu wanda ya taɓa kai su bola.

'Yar Kongo: Mama hoton ma ai wani abu ne. Ido ke fara ci.

Hajiya ta Ƙofar Doka: Idon ya ƙoshi mu gani.

Maman 'Yan Biyu: Ni ina bayan Mama rabi. Amma kuma yarinya ce, gidanta ne, Sallarta ta farko, a bar ta ta yi abin da zai faranta mata. Ba bashi za ta ci ba.

Amaryar Samaru: Wallahi ba bashi, cikin kuɗin cefane na rage.

Malama ta Shika: Saura maganar zafi, ita ce ta fi damuna fiye da duk wannan. Ƙa'idar da hukumomin abinci na Amurka ke bayarwa ita ce abin da ke lalacewa kar ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32 to awa ɗaya. Zariya a wannan watan da rana ta fi haka. Littattafan Turawa za su ce ki fito da cukwi awa guda kafin a ci don ya saki jiki, wannan don ƙasarsu ne, ke minti goma sha biyar ya isa. Kar ki juye duka a tire lokaci ɗaya. Ki fito da rabi, rabi na cikin kula da ƙanƙara, in ya ragu ki ƙaro. Kuma kin san 'yan kallon hawa, a ce ƙarfe biyar a zo bayan magariba, don haka kar ki jera sai maigida ya kira ya ce sun wuce Kwangila.

Awarar madara a ranar za ki yi ta, ko daren jajibere in kina da sanyi. In saye za ki yi a hannun masu talla, ki sake tafasa ta a ruwan gishiri ko ki soya, kar ki ajiye ta ɗanya. Ɗanyar madara na ɗauke da cutar bakkale mai sa shanu ɓari, tana kama mutum, ga tarin fuka na shanu. In akwai mai juna biyu cikin baƙin, ta tsaya kan soyayye da mai tauri.

Amaryar Samaru: Akwai kuwa, matar wan maigida.

Ba'adara ta Sabon Gari: Malama kin manta da kindirmo. Ki zuba a ƙyalle da ɗan gishiri ki rataye a wuri mai sanyi ya kwana yana ɗiga, da safe ya yi kauri kamar man shanu. Larabawan Sham haka suke yi, su zuba man zaitun a kai. Ni cire ƙwallon dabino nake yi in cusa shi a ciki, in ɗora gyaɗa ɗaya. Mijina ba ya cin cukwin kanti ko an biya shi, amma wannan sai na ɓoye.

Malama ta Shika: Ban manta ba, tsoron rashin wuta nake. In za ta rataye shi, cikin firij ko kula, ba a kicin ba. Da zafin nan kafin asuba ya yi tsamin da ba a so.

Anti ta Wusasa: In kina son kala, ki jiƙa karan dafi ki tafasa awarar a ruwan, bayanta zai yi ja cikinta fari. Mutanen Jamhuriyar Benin haka suke yi wa tasu. In kika yanka ta a tire kamar an yi mata lalle.

'Yar Kongo: Ni tambayata, mai hoton saniya tana dariya ɗin nan, 'yan kusurwa uku a takardar azurfa, ba za a sa shi ba? Shi kaɗai na sani.

Maman 'Yan Biyu: A sa wa yara. In ba haka ba su za su cinye Chedan.

Malama ta Shika: Shi narkakke ne da aka sake haɗawa, na Faransa, tun 1921 ake yinsa. Ya fi sauran jure rashin sanyi muddin ba a ɓare shi ba. A bar shi a takardarsa, kowa ya ɓare nasa.

Amaryar Samaru: Barkanmu da Sallah mutanen gida, Allah ya maimaita mana. Na zo da rahoto. Na yi tiren. Cheda giram 200 mai tambarin halal, awarar madara da na yi da madarar gari, cuku da maigadin layinmu ya samo mini, dabino mai kindirmo, kilishi, gurasa, biskit, yazawa da zuma. Karan dafin ya ɗan yi mini yawa, awarar ta fito kamar hanta, amma da na soya ba a gane ba. Sun ce biyar, sai bakwai saura suka iso, Allah ya sa na ji maganar Malama. Kilishi ya fara ƙarewa, sai dabino, sai awara. Wani abokin maigida ya tambaya a ina na sayi dabinon. Hajiya ta kalli tiren ta ce an yi ado, ta ɗauki cuku guda ɗaya ta riƙe ta daɗe tana juya shi, ta ce rabonta da shi tun rasuwar mahaifinta, shi ke kawo musu daga fatauci. Ta ƙulle sauran a bakin mayafi. Sannan ta ce a kawo mata waina.

Hajiya ta Ƙofar Doka: Ban faɗa ba?

Amaryar Samaru: Kin faɗa Mama. Chedan kuma kusan rabi ya rage, yana kula, ƙanƙarar ta fara narkewa kuma tun jiya ba su kawo wuta ba. Me zan yi da shi?

Maman 'Yan Biyu: Ki goga shi a kan ƙwai gobe da safe, ko ki turo mini Tudun Wada, 'yan biyu na nan.